Yadda Ake Shirya Dabbar Farauta Don Aikin Cushen Fata

Aikin cushen fata, wanda Turawa ke kira taksidami, shi ne a feɗe dabba, a gyara fatarta da gashinta a jiki, sannan a ɗora ta a kan wani jiki da aka sassaƙa ko aka zuba, ta tsaya kamar tana da rai. Mai wannan sana'a yana iya ɗinke huda, ya cike inda harsashi ya wuce, ya sa idon gilashi, ya maido da launin hanci. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: gashin da ya riga ya saki. Idan ruɓa ta shiga saiwar gashi, babu maganin da zai mayar da shi. Saboda haka rabin aikin yana hannun maharbi, cikin awoyin farko bayan dabba ta faɗi.

A ƙasar Sakkwato wannan magana ta fi tsanani. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da fata ɗumi da laima suke so. Littattafan ƙasashen sanyi za su ce ka sa a firiza ka huta. Wanda ya san halin wutar lantarkinmu ya san ba a dogara da wannan. Gishiri ne firizarmu, kuma duk abin da ke ƙasa an tsara shi ne a kan haka.

Kafin ka fita

Ka fara sanin abin da doka ta yarda a taɓa. Najeriya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016, kuma tana cikin yarjejeniyar CITES da ke kula da ketare iyaka da namun daji da sassan jikinsu. Fata da ƙaho da ƙoƙon kai duk suna ciki. Zaki da damisa babu zancensu. Barewa ma ta yi ƙaranci ƙwarai a dazukanmu, barinta ya fi. Ka tambayi jami'an gandun daji na jiha game da lasisi da abin da aka halatta, ka kuma sanar da shugabannin maharba na yankin. Mai koyo kuwa bai kamata ya fara da naman daji ba. Jar akuya ko ragon layya sun isa: kunne, ido, leɓe da ƙaho duk iri ɗaya ake bi da su, kuma idan ka ɓata ba ka yi asarar abin da ba ka iya samu ba.

Kayan da za ka riƙa: wuƙar fiɗa, ƙaramar wuƙa mai tsini ko aska, dutsen wasa wuƙa, tef ɗin awo irin na tela, auduga, tsumma mai tsabta, safar hannu ta roba, buhun algarara, jarkar ruwa, zarto, da gishiri aƙalla kilo 5 ga dabba kamar gada ko akuya. Gishirin ya zama fari mai laushi na buhu. Kada ka yi amfani da manda ko balma ko duk gishirin da ya haɗu da ƙasa da kanwa, domin kanwa tana sassauta gashi. Za ka ji ana cewa a guji gishiri mai sinadarin aidin. Kusan duk na kasuwarmu yana da shi, kuma illarsa ba ta kai ta jinkiri ba. Ka sa wanda ke hannunka.

Safar hannu ba ado ba ce. Ɓeraye na ɗauke da zazzaɓin Lasa, dila da yanyawa na iya ɗaukar ciwon haukan kare, an tabbatar da murar tsuntsaye a ƙasar nan tun 2006, an kuma ga cutar antiras, mai kashe dabbobi tana kuma kama mutum, a Jihar Neja a 2023. Dabbar da ka tarar a mace, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, kada ka feɗe ta.

Da zarar ta faɗi

Batun yanka shi ne na farko da ke raba mu da masu wannan aiki a waje, waɗanda kan ce kada a taɓa wuya. Musulmin da zai ci nama zai yanka, kuma aikin cushe bai hana ba idan an yi da kula. Wuƙa ta zama mai kaifi sosai. Ka buɗa gashin wurin da yatsa, ka yanka sau ɗaya miƙe, ba tare da gurzawa ba, kada kuma ka zarce har gefen wuya ya kusa zagayewa. Miƙaƙƙen yanka ana ɗinke shi ya ɓace a cikin gashi. Wanda aka gurza yana datse gashin kansa, ya bar tabon da ba ya ɓoyuwa. Ka sa kan ya fi gangar jiki ƙasa don jini ya gudu nesa da ƙirji, ka wanke abin da ya taɓa gashi da ruwan sanyi nan take. Ruwan zafi yana dafa jini ya kama farin gashi.

Ka ɗauke ta zuwa inuwa. Kada ka ja ta a ƙasa, kada ka ɗaura igiya a wuya, kada ka ɗora ta a kan injin babur ko kusa da salansa. Ja a kan tsakuwa na mita kaɗan ya isa ya aske kafaɗa. Toshe hanci, baki da ramin harsashi da auduga.

Sai hoto da awo, tun kafin wuƙa ta sake taɓa ta. Ɗauki fuska ta gaba da ta gefe, ido kusa-kusa, cikin kunne da hanci, domin launi yana canzawa cikin ƙanƙanin lokaci. Rubuta awo uku: daga kusurwar ido ta gaba zuwa ƙarshen hanci, kewayen wuya daf da bayan kunne, da kewayen wuya a gindinsa. Idan dabbar za a tayar gaba ɗaya, ƙara tsawo daga hanci zuwa gindin wutsiya, kewayen ciki a inda ya fi faɗi, da tsayi daga kafaɗa zuwa kofato. Bayan fiɗa ka sake auna wuyan a kan tsoka. Da waɗannan ne mai aikin zai gina jikin da fatar za ta hau, domin fatar da ta sha gishiri ta ƙanƙance ba ta faɗa masa girman dabbar.

A lokacin bazara, ka sa a ranka fata ta bar jiki cikin awa ɗaya zuwa biyu. Da hunturu akwai ɗan sarari, amma ba na kwana ba.

Fiɗar kai da kafaɗa

Mafi yawan masu so kai da ƙirji suke so, a rataye a bango. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yanke fata gajera. Mahauci ya saba tsaga daga maƙogwaro zuwa ciki, wannan kuwa yana lalata ƙirjin da shi ne ke fuskantar mai kallo. Idan za ka fitar da kayan ciki, tsagar ta tsaya a ƙarshen ƙashin ƙirji, kada ta haura.

Zagaye jikin da wuƙa a tsakiyar haƙarƙari, kamar taƙi ɗaya a bayan ƙafafun gaba. Rarar fata ana rage ta, wadda ta gaza ba a ƙara mata. Zagaye kowace ƙafar gaba a saman gwiwa, sannan ka tsaga ta bayan ƙafar har ka haɗu da zagayen jikin, kana kauce wa hammata. Daga nan tsaga ta doron baya, ka bi tsakiyar wuya har zuwa ƙeya, ka tsaya kamar yatsu uku kafin ƙaho. Daga wannan wuri ka raba tsagar biyu, kowace ta nufi gindin ƙaho ɗaya.

Kullum kaifin wuƙa ya kalli sama, ka shiga ƙarƙashin fata ka yanko waje. Yanka daga sama yana datse gashi. Sauran fiɗar a yi ta da hannu da dunƙule fiye da wuƙa.

Kai shi ne wurin da ake natsuwa. Idan ka iso kunne, yanke guringuntsinsa can ƙasa daf da ƙoƙon kai, ya tafi tare da fata. A gindin ƙaho kada ka yanka, ka ɓamɓare fatar da bakin sukurdireba ko wani ƙarfe marar kaifi, kana zagayawa har ta saki da gashin bakinta cikakke.

A ido, zura yatsanka ta waje cikin fatar ido, ka ɗaga ta, ka riƙa yanka a jikin ƙashi kana jin wuƙar da yatsan. Burinka fatar ido ta fito da gashinta da tantaninta na ciki. Gada da barewa suna da wani rami a gaban ido inda wani maiƙo ke fita. Fatar wurin ta shige cikin ƙashi, sai an bi ta da tsinin wuƙa a hankali an tono ta. Wanda ya ja da ƙarfi a nan zai bar huda a tsakiyar fuska.

A baki, buɗe shi ka yanka ta ciki daf da haƙora, a kan dasashi, sama da ƙasa, don leɓe ya fito da yalwar fatar ciki. Ita ce mai aikin zai tura cikin baki ya rufe. A hanci, yanke guringuntsi can ciki kusa da ƙashi.

Idan ka ga ba za ka iya kan ba, feɗe har ƙeya, datse wuya a gaɓar farko, ka sa kan da fatar a kula mai ƙanƙara ka kai wa wanda ya iya a ranar. Ka sa su a leda kafin su hau ƙanƙara don ruwan narkewa kada ya jiƙa su, amma sai bayan fatar ta huce. Fata mai ɗumi a cikin leda a rana ta gama lalacewa kafin ka iso gari.

Dabba sukutum kuwa, ana tsaga ta ciki daga ƙirji zuwa gindin wutsiya, da cikin kowace ƙafa, ko kuma tsaga ɗaya ta doron baya. Tambayi mai aikin wadda yake so. Kofato ya zauna a jikin fata, a cire ƙashi har gaɓar ƙarshe. Wutsiya a tsaga ta har ƙarshe, in ba haka ba bakinta zai ruɓe ya guntule.

Aikin da ake tsallakewa

Gishiri ba ya ratsa nama mai kauri, ba ya ratsa kitse, ba ya shiga inda fata ta ninku biyu. Shi ya sa za ka ga fata ta yi kyau ko'ina amma kunne ya zube, ko gashin leɓe ya tafi. Dole a buɗe waɗannan wurare kafin gishiri.

Shimfiɗa fatar a kan katako mai santsi ko gungume, gashi a ƙasa, ka kankare duk jan nama, kitse da tantani. Riƙe wuƙa a kwance.

Kunne ana juya shi kamar safa. Raba fatar bayan kunne da guringuntsi da yatsa ko bayan cokali, kana turawa kaɗan-kaɗan kana jawo shi ciki-waje, har ka kai gefuna da tsini. Guringuntsin ya zauna manne da fatar cikin kunne. Gefen siriri ne, idan ka kusa sai ka rage ƙarfi, domin nan yake fashewa.

Leɓe ana tsaga shi ta ciki da aska, a buɗe shi kamar littafi har zuwa bakinsa, ba tare da an huda waje ba. Za ka ga saiwoyin gashin baki kamar ƙananan ƙwayoyi, kada ka yanke su, in ka yanke gashin zai zube. Haka za ka buɗe fatar ido, ka kuma tsaga guringuntsin hanci ta tsakiya ka rage namansa. Wannan aiki kan ci awa guda ko fiye ga sabon hannu. Yi shi a inuwa, ka rufe sauran fatar da tsumma mai ɗan laima don iskar hunturu kada ta busar da gefuna.

Gishiri

Ma'auni mai sauƙi: kilo ɗaya na gishiri ga kowane kilo na ɗanyar fata, a kowane zubi. Shimfiɗa ta a kan allo ko tabarma da aka ɗan karkata, gefen nama a sama. Zuba gishiri ka murza shi da tafin hannu cikin kowane lungu: kunnuwan da ka juya, leɓe, hanci, gindin ƙaho, bakin yanka, wutsiya da cikin kofato. Gefunan fata kan naɗe kansu, buɗe su. Kada a bar wurin da ake ganin fata.

Ninke ta nama ga nama, naɗe ta, ajiye a karkace ruwan ya tsiyaye. Kada ta zauna cikin ruwanta, kada kuma ta taɓa ƙarfe, tsatsa tana barin tabo. Bayan awa 24 buɗe ta, kakkaɓe jiƙaƙƙen gishirin ka zubar, ka sa sabo. Duk wurin da ka ga ya yi laushi ko ja-ja, akwai sauran nama, kankare ka ƙara gishiri. Bayan wata awa 24 sai ka kakkaɓe ka rataya ta a kan sanda a rumfa mai iska.

Rana ba ta taɓa ta. Mun saba ganin an kafe fata da turaku a rana, amma wannan yana narkar da maiƙon cikinta ya ƙone ta, ranar da aka jiƙa don jima sai ta yi ta yagewa. Kafewa da ƙusa kuma yana miƙar da fuska ta fita daga siffarta. Da hunturu tana iya bushewa cikin kwana biyu zuwa uku. Da damina, musamman a watan Agusta, gishiri kan jawo laima daga iska fatar ta yi ta zufa, sai an haɗa da fanka da ƙarin zubi na uku. Ninke ta tun tana da ɗan laushi, gashi a ciki. Idan ta ƙafe kamar ƙirgi ka ce za ka ninke, karyewa za ta yi.

Gwajin lafiyarta: kama ɗan gashi a hammata ko gindin kunne ka ja a hankali. Idan ya taho da yawa ba tare da turjiya ba, da wari-wari, ruɓa ta riga ta shiga. Ƙara gishiri ka busar da sauri don ta tsaya a nan, ka kuma faɗa wa mai aikin gaskiya.

Wajen ajiya akwai wani ƙaramin ƙwaro baƙi da tsutsarsa mai gashi da ke cin busasshiyar fata, ga asu, ga gara, ga ɓera da kare. Sa ta a buhun algarara da kafur, rataye a sama, ka riƙa dubawa duk mako.

Ƙoƙon kai da ƙaho

Don aikin bango, ƙaho da ɓangaren ƙashin da ke riƙe da shi ake bukata. Yanka da zarto daga bayan ƙeya ka ratsa ta tsakiyar ramin ido, ka cire ƙwaƙwalwa. Idan kana son ƙoƙon gaba ɗaya, rage nama, cire ido da harshe, ka dafa a ruwan da ke ɗan motsi, ba mai tafasa da ƙarfi ba, da ɗan sabulun gari. Tafasa mai ƙarfi tana wargaza ƙasusuwan hanci ta zubar da haƙora. Ruwan ya tsaya a gindin ƙaho.

Ƙahon rago, akuya da dangin barewa kube ne a kan ƙashi, kuma tsakaninsu akwai nama da jini. Idan ba a cire ba zai yi wari a ɗaki, ya tara tsutsa. Bayan dahuwa, naɗe ƙahon da tsumma ka murɗa, zai zare. Wanda ya ƙi, sa shi a leda kwana kaɗan ya sassauta. Wanke ciki, rage tsawon ƙashin da zarto, busar, ka yi wa na dama da na hagu alama. Don farin ƙashi a yi amfani da haidurojin feroksaid na kantin magani, ban da ruwan bilic na wanki, wanda ke cin ƙashi ya mai da shi gari a hankali.

Tsuntsaye da ƙananan dabbobi

Zabon daji, fakara ko agwagwar ruwa irin ta fadamun Rima ba a fige su, ba a cire musu hanji a daji. Riƙe ta ƙafa, ba ta wuya ba. Goge jini da auduga mai laima kana bin kwanciyar gashi, toshe baki da dubura, bar shi ya huce, kwantar da kai a ƙarƙashin fiffike, ka zura shi cikin takardar da aka naɗe kamar mazurari, kai a gaba. Wutsiya kada ta lanƙwashe. Ɗauki hoton kan zabo da wuri, domin shuɗi da jan fuskarsa suna dushewa.

In babu sanyi tabbatacce, feɗe shi a ranar. Buɗa gashin ƙirji, tsaga fata kaɗai daga saman ƙashin ƙirji zuwa dubura, ka riƙa barbaɗa garin masara yana shanye jini da maiƙo. Raba ƙafa a gwiwa ta ciki, datse gindin wutsiya ba tare da taɓa saiwar gashinta ba, raba fiffike a kafaɗa, ka juyo fatar ta wuya. Kan zabo ba ya wucewa ta fatar wuya saboda ƙahonsa, sai an yi ƙaramar tsaga a ƙeya. Cire ido, ƙwaƙwalwa da naman ƙafa da na fiffike, ƙasusuwan su zauna. Fatar tsuntsu garin boras ake shafa mata, wani farin sinadari mai busar da fata da hana ƙwari cin ta. Agwagwa tana da kitse mai yawa, sai an kankare an wanke da sabulun wanke-wanke, in ba haka ba maiƙon zai fito ya rina gashin.

Zomo fatarsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda take, yatsa ne ke fiɗar, wuƙa sai a ido, kunne da baki. Kurege da dila ana zare ƙashin wutsiyarsu ta hanyar matse shi tsakanin sanduna biyu a ja. Dabbobi masu cin nama sun fi saurin sakin gashi, musamman a ciki da kunne, don haka su ake fara feɗewa.

Idan za ka kai wa majemi

Sakkwato gidan jima ce, fatar jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen Turai. Sai dai jimar da aka saba tana farawa ne da cire gashi: a jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa, a kankare, sannan a sa ta a bagaruwa. Fatar cushe idan ta shiga wannan ruwa na farko ta tashi daga aiki. Nemi wanda ya saba yin buzu, ka faɗa masa ƙarara cewa gashi zai zauna, kuma kunne, leɓe da fatar ido ba a rage su. Bagaruwa tana rina farin gashi, tana kuma hana fata miƙewa yadda mai cushe ke so, saboda haka jimar alif da gishiri ta fi dacewa. Mafi kyau ka tambayi mai cushen tukuna, da yawansu sun fi son a kawo musu fatar da gishirinta su jeme da kansu.

Ranar kaiwa, haɗa fatar, ƙahon, takardar awo, hotunan da kwafin lasisinka. Ɗaura wa fata da ƙaho alama iri ɗaya mai ɗauke da irin dabbar, ranar da aka same ta da ranar da aka fara sa gishiri. A mota, buhun ya zauna a cikin inuwa nesa da injin, ba a saman kaya ba.